Saniyar Nesa da Saniyar Kusa

Aikin da na fara samu da kwamfuta shi ne rage shanu. Haka nake faɗa wa mutanen gidanmu idan sun tambaya, su kuwa su yi dariya, domin a gidanmu da wuƙa ake rage saniya. Mu mahauta ne, iyaye da kakanni, a Talata Mafara. Mahaifina yana da rumfa a kasuwa, kuma shi da kansa yake zuwa kara ya zaɓo abin da za a yanka. Ni ne na uku a cikin 'ya'yansa maza, kuma an daɗe da sanin ba ni ake aika sayen dabba ba. Tun ina sakandare nake ɗauke littattafan soyayyar yayata, in zauna a bayan rumfa ina karantawa ana sarar ƙashi a gabana. A cikinsu na koyi cewa idan za a gabatar da mutum, daga ido ake farawa, sai gira, sai hanci, sai wushirya. Na ɗauka haka ake kallon komai.

Bayan na gama difloma sai na koyi gina siffofi a wata manhaja ta kyauta, daga bidiyoyin da nake saukewa a shagon cajin waya. Ta wannan hanya na haɗu da wasu matasa, yawancinsu a Kaduna da Abuja, masu gina wata 'yar duniya a cikin waya. Mutum zai shiga ya yi yawo a cikinta, ga ƙauye, ga kasuwa, ga fadama, ga garke yana kiwo. Ban taɓa ganin ko ɗayansu ido da ido ba. Shugabar aikin mace ce a Kaduna, saƙon murya take turowa, gajere, gaisuwarta ba ta wuce kalma biyu ko uku. Muryarta a kwance take. Kafin mako ya zagayo na gina mata gida a raina, na rataya masa labule, na zaɓa mata launin mayafi, alhali ko hotonta ban gani ba.

Duk abin da ke cikin irin wannan duniya da 'yan alwatikai ake harhaɗa shi, kamar yadda tela ke haɗa ƙyallaye su zama shimfiɗa. Saniya guda, idan an yi ta da kyau, tana cin dubbai. In ita kaɗai ce a gabanka waya za ta ɗauka. In garke ne, irin wayoyinmu sai su yi zafi su tsaya cik. Saboda haka kowace dabba ana yi mata siffa uku. Akwai ta kusa, mai komai da komai. Akwai ta tsakiya. Akwai kuma ta nesa, wadda alwatikanta ba su wuce ɗari biyu da 'yan kai ba. Waya ce ke musanya su da kanta yayin da mutum yake matsowa, kuma gwanintar ita ce kada ya lura an musanya. Ta kusa wani gwani ne ya sassaƙa ta a Abuja. Ni aka ba ta tsakiya da ta nesa a matsayin gwaji. An gaya mini a fili cewa idan na iya za a ci gaba da ni, idan ban iya ba akwai mutum biyu suna jira.

Gwanin nan daga hotunan da na ɗauko ya yi aikinsa, kuma saniyar ta kawuna ce, ƙanen mahaifiyata. Mutumin Gidan Goga ne, noma da kiwo, har lokacin da zama ya gagara a can ya kwaso iyalinsa zuwa Maradun da 'yan shanun da suka rage masa. Da bazara na same shi, ciyawa ta ƙare, na yi ta zagaya wata jar rahaji mai dogayen ƙahoni ina ɗaukarta ta gaba da ta baya. Shi yana riƙe da igiya yana tambayata ko wani ne ya gani yana so, a turo magabata.

Manhajar tana da maɓallin da ke rage alwatikai da kansa, amma bai san saniya da tulu ba. Kai za ka nuna masa inda zai taɓa da inda zai bari. Ni fuska na kare. Saniyar kawu tana da manyan idanu masu zara-zaran gashi, da ɗan farin tabo a goshi kamar an ɗiga mata nono. Na kwana uku a kan wannan fuska. Na bar idon da zagayensa, na bar ƙofofin hanci, na ce wa maɓallin ya ci sauran. Da na gama na kawo ta dab da allo na dube ta, na ji daɗi, na tura.

Amsar shugabar ta zo washegari da hantsi.

"Malam, sannu da ƙoƙari. Daga inda za a hango wannan, duk saniyar ba ta kai ƙwayar wake a allo ba. Wa zai ga idonta? Ƙahon ya ɓace, ƙafafun sun zama tsinke. Na nuna wa mutum biyu a nan, ɗaya ya ce akuya ce. A sake."

Na saurara sau biyu. Na tura saniyar can ƙarshen filin da ke cikin manhajar na duba. Mai cewa akuya ma ya yi mini kara.

A makon ne mahaifina ya ce in raka shi kasuwar Damri, ta wajen Bakura, don babban yayana ba ya jin daɗi. Na sha raka shi, amma ban taɓa lura da yadda yake yi ba sai ranar. Ba ya shiga kara kai tsaye. Yakan tsaya can baya wajen masu igiya, ya kama wani tsohon sani su shiga gaisuwa. An tashi lafiya, ya iyali, ya gajiya, ya mutanen Mafara, ya muka ji da zafi, ya hanya, ya ƙarin haƙuri. Bakinsa yana amsawa, idonsa yana can cikin shanu. Kafin a kai ga tambayar lafiyar jikoki ya riga ya ware uku a ransa. Sai bayan haka yake matsawa, kamar wanda hanya ce ta biyo da shi, a ƙarshe ya ɗora hannu.

Da tsohon ya wuce na ce, "Baba, daga nan me kake gani?"

"Mi nika gani? Nama."

"Ai ba a ganin fuskarsu ma."

"Huska ta masu dahuwar kai ta. Dubi tozo. Dubi katara. In katara ta cika, gadon baya ya shahe, to akwai abin yanka. Wancan baƙin, ka gan shi? Shi za mu tahi da shi in mai shi na da hankali."

Da shi muka dawo kuwa.

Na koma kan kwamfuta da wannan karatu. Na kwashe alwatikai daga fuska na kai su tozo da katara, na maido da ƙaho. Akwai wani abu da duk mai wannan aiki ya sani. Idan ka rage alwatikai jiki yakan ɗan shige ciki, don haka akan tura shi waje kaɗan ya koma daidai. Na tura, na ga ta yi kyau. Na ƙara turawa. Ƙasusuwan katara da suka fito mata tsuru-tsuru suna cin alwatikai da yawa, kuma a idona muni ne, sai na shafe su. Ramin da ke kwiɓinta na cike shi. Ban yi da wata niyya ba. A gidan da na tashi, idan an ce saniya ta yi kyau to ta cika ne, kuma hannuna abin da ya sani ke nan. Da na tura ta ƙarshen fili sai ga ta tsaye, ja, dirarriya, irin wadda mahaifina zai katse gaisuwa dominta.

Wannan karon amsar ta ɗan fi tsawo.

"Daga nesa ta yi kyau, Malam. Amma ka taka zuwa wurinta ka gani. Akwai inda take zabura ta zama wata. Idan garke guda suka yi haka a lokaci ɗaya, mutum zai ɗauka wayarsa ce ta lalace. Ran Juma'a za mu haɗa komai. In ba ta zauna ba zuwa lokacin zan ba wani, ba don wani abu ba, lokaci ne babu."

Ran Litinin ke nan. Na taka na ga zaburar, amma na ɗora laifin a kan siffar tsakiya, na ɓata yini guda ina gyara abin da bai lalace ba.

Talata ranar kasuwarmu ce, kawu ya shigo daga Maradun sayen dusa da magani. Bayan la'asar suna zaune a zaure shi da mahaifina, an gama gaisuwa an shiga tsokana, don ƙanen mata ne, ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Na fito da kwamfuta zan wuce shagon caji, kawu ya tare ni.

"Kai, ina amaryata? An ce ka kai ta birni."

Na zauna a gefen tabarma na buɗe musu. Na ajiye saniyar can nesa.

Mahaifina ya gyara zama. "Wagga ta wa ta?"

"Ta kawu ce."

"Ta wanga? Yaushe ya samu abin ciyar da saniya haka? Shi da kanshi bai ƙoshi ba."

"Alhaji, ka ji tsoron Allah," in ji kawu. Amma shi ma ya ƙura mata ido, bai ce tasa ce ba.

Na fara matsowa a hankali. Muna kaiwa inda waya ke musanya siffa, sai saniyar ta zabura. Ciki ya shige, katara ta zube, ƙasusuwa suka fito.

Mahaifina ya ce, "Koma baya."

Na koma. Ta cika.

"Matso."

Na matso. Ta zube.

Sau uku ya sa na yi haka. Sannan ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Kanwa ka ba ta."

Wanda bai san kara ba sai an yi masa bayani. Akwai masu sayar da dabba da ke ba ta kanwa ko gishiri da sassafe ranar kasuwa, su bar ta da ƙishi, sannan su kai ta ruwa ta sha har cikinta ya ɗaure. Daga nesa sai ka ga dabba ta cika. Ka saya, ka kora, kafin ka kai gida ta fitsarar da rabin abin da ka gani. Kowa ya san ana yi, kuma wanda aka kama da shi sau ɗaya, ko bayan shekara ashirin ya shigo kara sai an nuna shi da baki.

Kawu ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗi. "Ɗan mahauci ya ba saniya kanwa! Kuma tawa! Alhaji, ashe a gida kuka koyar da shi?"

Mahaifina bai yi dariya ba.

Na ce, "Baba, ba mai sayenta. Wasa ne kawai a waya."

"Mutane za su gan ta?"

"Za su gani."

"Daga nesa su ga wata, su matso su ga wata?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Tun ban yi gemu ba nika shiga kara, ba a taɓa kama ni da wagga ba. Yanzu a ce ɗan gidan ga ya zauna da hankalinai ya yi ta, ya tura birni? In wanga na aikin, ruhe abin ga ka dawo rumhwa. Akwai wurinka."

Ya tashi ya shiga gida. Mahaifina ba ya maimaita magana, kuma dama da ƙyar ya bar ni nake tsallake rumfa da safe. Na zauna da kwamfuta a cinya. Saura kwana uku, kuma yanzu mutum biyu zan gamsar, ɗaya a Kaduna ɗaya a cikin gida.

Kawu ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe. Ba a bin hanyar Maradun da yamma, kuma abokan tafiyarsa sai Juma'a za su koma, don haka yana nan.

"Babanka nama ya sani, bai san saniya ba," ya ce. "Shi in ya gan ta yau, gobe ta zama tsire. Ni wagga na gan ta da kaka ta yi ƙiba, na gan ta da bazara ta rame, ko cikin shanu ɗari ta shiga daga nan zuwa bakin gulbi ina hiddo ta. Ka san da mi?"

"Da farin goshin?"

"Wane goshi? Wa ka ganin goshi daga can? Ƙahonta na hagu ya ɗan kwanta baya. Bayanta ya lotsa nan, bayan tozo. Kuma ba ta ɗaga kai awa sauran, ƙasa-ƙasa taka riƙe shi. Kai duk ka goge su, ka zuba mata kitsen da ban ba ta ba."

Washegari da hantsi muka zauna a shagon caji, inda akwai sola. Na kashe launi gaba ɗaya. Na mayar da saniyar kusa baƙar inuwa a kan farin allo, na ɗora ta nesa a kanta da jan layi, yadda duk inda suka saɓa zai fito. Ban taɓa yin haka ba, kullum ɗaya bayan ɗaya nake dubansu, kowace da kyanta. Da na haɗa su sai na ga jan layin ya yi wa inuwar rumfa ta ko'ina.

Kawu ya zaro tsinke daga tsintsiyar mai shago ya riƙa nunawa.

"Nan, shigar da shi. Ƙara. Ƙara dai, ba ta ci komi ba tun watan jiya. Nan kuma hiddo ƙashin."

"Kawu, ƙashin nan kaɗai zai ci alwatika goma sha biyu."

"To ina ka kai su?"

"Babu. An ƙayyade mini."

"Ɗebo daga inda ba a gani. Wa ka leƙa ƙarƙashin saniya daga nesa?"

Haka muka yi ta yi. Duk abin da zan ba ƙaho sai na ƙwato shi daga wani wuri. Na kwashe na ƙarƙashin ciki. Na mayar da kofato ɗan tsini kawai. Kunnuwa suka zama alwatika ɗai-ɗai. Bindi muka yi gardama a kansa, ni ina so in manna shi a jiki, kawu ya ce saniyar da bindinta ba ya reto matacciya ce, na bar masa huɗu. Lanƙwasar ƙahon hagu ta fi komai ci, kuma ba inda ya rage sai fuska. Na ɗan tsaya. Sannan na shafe ta ta zama tsinin da bai fi alwatika shida ba, na ɗiga baƙi a inda ido yake.

"Ka ji tausai?" in ji kawu.

"A'a."

"Ƙarya kaka yi. Ci gaba."

Muna juya ta gefe, mu juya ta gaba, mu juya ta baya, don inuwar da ta dace ta gefe takan saɓa ta gaba. Ran Laraba muka gama ta nesa. Ran Alhamis muka yi ta tsakiya, wadda ta fi sauƙi tunda an san inda aka dosa. Kawu ya gaji da zama, ya ce kiwon saniya ɗaya a kwamfuta ya fi kiwon talatin a daji cin baya. Kafin azahar jan layin ya kwanta a kan inuwar, sai 'yan wuraren da ba yadda zan yi da su.

Na sa ta a waya muka nufi rumfa. Nama ya kusa ƙarewa, yayyena suna kankare katako. Mahaifina ya wanke hannu, ya goge a gefen riga, ya zauna a benci. Bai karɓi wayar ba, ni na riƙe masa.

"Kai ta can."

Na kai ta ƙarshen fili. Ga ta 'yar mitsitsiya, ja, kai a ƙasa.

"Tawa ta," in ji kawu daga bayansa, ba wanda ya tambaye shi.

"Matso."

Na taka a hankali har muka zo dab da ita, idonta ya cika allo.

"Koma. Matso."

Na sake.

"Ina ta canza?"

"Sau biyu ta canza, Baba."

"Ban gani ba. Sake."

Na sake, wannan karon da sauri. Ya daɗe yana kallo, yana murza gemu.

"Ramammiya ta," ya ce. "Ni ko kyauta anka ba ni sai na yi shawara."

"Wa ya ce maka ta saidawa ta?" in ji kawu.

"Amma ramammiya ta daga can, ramammiya ta nan." Ya miƙe ya ɗauki wuƙarsa. "Tura musu."

Na tura da la'asar, bayan sabis ya yanke sau biyu. Juma'a da safe kawu ya bi abokan tafiyarsa zuwa Maradun da buhun dusarsa. Yinin ranar ba amsa. Na je masallaci na dawo, na taya yayyena wanke rumfa ba tare da an sa ni ba, ina duba waya a ɓoye.

Ran Asabar da hantsi saƙon ya shigo.

"Malam, ta zauna. Mun zuba arba'in a fili ɗaya, wayar ba ta yi zafi ba, ba wadda ta zabura. Na turo maka tumaki da jakuna, ka fara da tumakin."

Na gaya wa mahaifina a rumfa. Yana yanka bai ɗago ba, ya ce duk dabbar da zan tura sai ta fara bi ta gabansa. Tumakin sau biyu ya mayar mini da su, na farko don wuya, na biyu don ƙafar baya. Da aka zo kan jakuna sai ya ture wayar, ya ce shi bai san abin da ba a yankawa ba. Ya kwatanta mini wani dattijo mai ɗebo yashi da jakuna a bakin magudanar Bakalori, ya ce in same shi kafin rana ta yi zafi, in kuma gaishe shi yadda ya kamata kafin in fito da waya. Washegari da safe na ari babur ɗin yayana na tafi.